Farantin Kaka a Maamobi

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da matata, a motar Akra. Gwaggo ce ta aiko. Tsufa ya kama ta, tana so tun da ranta ta ba da farantin tagullar kakanmu, wanda wani maƙeri ya zana wa farautar ɓauna. Ni ne babba, ni ne kuma mai sunan kaka. Ban zaci akwai wata magana ba.

Hanya ta lalace, ga shingen sojoji, direba kuma ba ya jin faɗa. A Nkawkaw muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru. A Nsawam na sayi burodin tsaraba. Da muka sauka a Akra muka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Maamobi, muka bi lungu muna tsallake kwata.

Na tarar da ɗan baffana, tela a Adabraka, zaune a bakin katifar Gwaggo yana ɓare mata lemo. Ga agogo, ga ƙamshi. Gaisuwar ma daga zaune ya yi ta.

Bayan la'asar aka sauko da farantin. Gwaggo ta ce, "Babana, faɗa mini abin da ka gani."

Na bi shi daki-daki. Na farko, ɓauna ta sunkuyar da kai, wato ta ji rauni. Na biyu, karnuka sun tare ta ta baya. Na uku, ga mai mashi a gabanta, bai ja da baya ba. Na ce, "Wannan shi ne kaka."

Telan ya ce, "Haba Yaya, ɗaga ido mana. Ga kaka can a kan bishiya, takalminsa ɗaya a ƙasa."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ashe mai mashin abokin kaka ne da ya ceci ransa, kaka ya sa aka zana shi don kada a manta. Ta sha ba telan labarin, duk Juma'ar da ya kawo mata tuwo. Ni ba a taɓa ba ni ba. Ta ɗora masa farantin a cinya. Na ce Allah ya sa albarka.

Washegari muka juyo. Matata ta yi ta yabon kirkin telan, sai da na ce ta bar ni in yi barci.

Mun iso gida lafiya. Abin da na koya shi ne, labarin gida ba ya bin mutum har Kumasi, mai zuwa gaisuwa ake ba. Zan riƙa zuwa wurin Gwaggo. Falon telan kuwa, inda na ji ya rataye farantin, shigarsa ba yanzu ba.