Damina biyu da na yi a Gozaki

Ko tsufa ya kai ni ga mance sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da aka hana ni shiga jirgi a Abuja ba, alhali matata tana kwance rai a hannun Allah a wata ƙasa.

Babbar 'yarmu ma'aikaciyar jinya ce a Amurka. Ita ta nema mana katin zama na dindindin, ni da mahaifiyarta, saboda ciwon ƙoda da ke damun Hajiya, ana wanke mata jini duk mako. Muna shekara ta biyu a can yayana ya rasu a Gozaki, na shirya tahowa gaisuwa. Yarinyar ta ce in dakata a nema mini izinin daɗewa a waje. Na ce wata ɗaya zan yi, kuma ai ga shekara goma a rubuce jikin katin. Iyakar karatuna ke nan, na ga lamba na riƙe.

Da na iso sai na tarar gonarmu ta gado tana hannun wani maƙwabci, marigayi ya ba shi aro tuntuni. A wajenmu in gonar aro ta daɗe a hannun mutum, 'ya'yansa sukan tashi da sanin tasu ce. Dattawa suka ce in shiga in noma ta da kaina kowa ya gani. Na shuka masara, ta yi kyau. Bayan girbi na ce bari in ƙara damina ɗaya magana ta zauna.

Yarinyar ta yi ta faɗa mini cewa in aka wuce shekara a waje katin ba ya shigar da mutum. Na ɗauka dabara ce ta a ja ni. Hajiya kuwa ba ta taɓa yi mini faɗa ba. In mun gama waya sai ta ce, "To Alhaji, a gaida masara, tunda ita ce iyalin yanzu." In yi dariya.

Ana dab da girbi na biyu aka ce jikinta ya rikice, sunana take kira. Na bar gonar a tsaye, na hau mota a Funtua. A filin jirgi ma'aikaciya ta duba fasfona ta ce, "Baba, rabonka da can shekara ɗaya da rabi, katin nan ba zai kai ka ba." Ta ce in je ofishin jakadanci.

Na yi makonni kafin a gan ni. A layi wani ya ce in ce rashin lafiya ta riƙe ni, na kasa. Ta bakin tafinta jami'in ya tambaye ni abin da ya fi ƙarfina har ya hana ni komawa. Na ce gona. Ya ce wannan zaɓina ne, sai dai a sake nema daga farko. Ban ga laifinsa ba.

Da la'asar na kira Hajiya. Muryarta da ƙyar take fita. Kafin in buɗe baki ta riga ni: "Alhaji, ka yafe mini." Shekara arba'in da aure, ni na tafi na bar ta, ita ke neman gafara. Kwana tara bayan nan ta cika. A waya surukina, mijin 'yarmu, ya nuna mini kabarin.

Abin da na koya shi ne, in ka bar majinyaci ka ce yanzu za ka dawo, to ka dawo yanzun. Ni na ɗauka ƙofa za ta tsaya a buɗe har in gama abin da ke gabana, kuma babu wanda ya taɓa yi mini wannan alkawari.