Kunyar Ɗan Fari Ta Rufe Bakin Ɗana

A lokacin shekaruna ashirin da shida, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, kuma a ganina babu wanda zai gaya mini yadda ake buɗe kan yaro, tunda abin da na karanta ke nan. Ɗana na fari yana da wata ashirin aka kai shi yaye wurin mahaifiyata a Fagam, can ƙasar Gwaram. Sati biyu aka ce zai yi, sai da ya shekara uku a can, domin a gidanmu uwa ba ta buɗe baki ta ce a dawo mata da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Haka na taso na gani, haka kuma na yi.

Inna kuwa babu ruwanta da wannan kunya, tunda jika abokin wasa ne. Maigida take ce masa. Tun da safe za ta fara tsokanarsa, wai wane irin miji ne wannan da rana ta fito bai tafi gona ba, shi kuma ya rama, ya ce matar da ba ta da haƙora ba ta isa ta tashe shi ba. Haka suke wuni. In tana ɓarar gyaɗa shi ke kasa mata biyar-biyar. In awaki sun dawo shi ke gano wadda ba ta shigo ba, har ya faɗi kamanninta. Yana bambanta rama da yakuwa tun suna tsiro. In na je hutu sai in koma gefe kamar baƙuwa, ina jin su ina ɓoye dariyata.

Wata rana wata abokiyar aikina ta raka ni Fagam. Ta zana masa harafin farko na boko a ƙasa ta tambaye shi mene ne, ya duba da kyau ya ce akurkin kaji ne. Ta yi dariya ta ce goyon kaka ke nan, ga baki kamar reza, kai kuma fanko. Maganar ta tsaya mini a rai. Tunda ba zan iya roƙa da kaina ba, sai na matsa wa mijina har ya je ya ɗauko shi. Inna ba ta yi musu ba. Ta ƙulle masa kayansa da ƙuli-ƙuli, ta ce a gaya mini yaron nan yana son a riƙa amsa masa.

Na sa shi a makarantar kuɗi, na saya masa jaka da takalmi. Gidanmu ɗaki biyu ne na haya, mijina kuma in ya fita kasuwa sai magariba. Ni da nake wuni ina surutu da 'ya'yan mutane, in na dawo gida maganata da nawa ba ta wuce tashi, ci, je ka yi wanka. Da farko tambaya yake yi ba ƙaƙƙautawa, ni kuma in kau da kai, musamman in maƙwabta suna tsakar gida, kada a ce malama ba ta da ta-ido. In ya dame ni sai in miƙa masa waya ya yi kallo. Kafin wata huɗu ya daina tambaya, har na ɗauka hankali ya yi. Sai malamarsu ta kira ni ta ce ba ya magana a aji, ba ya amsa komai, gara a duba kunnensa. Aka duba a asibiti, lafiyarsa ƙalau. Duk da haka goyon kaka na ci gaba da zargi.

Ana nan Inna ta zo ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Tun daga zaure ta fara cigiyar ragon mijin da ya gudu bai bar mata ko itace ba. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, sannan a hankali ya ce ai ita ta kore shi. Kafin la'asar yana ta zuba mata labari: tagogi nawa ne a ajinsu, wane yaro ne ke kuka kullum, har haruffan da aka ce bai sani ba ya jero mata su tas. Ina madafa ina ji, hannuna cikin ruwan wanke-wanke. Daga baya Inna ta same ni, ba da faɗa ba, ta ce ita ma ta yi wa yayana, ɗanta na fari, wannan kunya, amma a gidan da yake cike da kakanni da gwaggonni, in ta yi shiru mutum goma ne za su amsa masa. Ni kuwa na kwaso kunyar na shigo da ita gidan da babu kowa. Ta tambaye ni wa na bar masa ya yi magana da shi.

Na so ya bi ta, mijina ya ce karatu ya riga ya yi nisa. Da daminar shekarar Allah ya yi wa Inna rasuwa.

Yanzu shekarunsa tara. Yana cin jarrabawa daidai gwargwado, amma yaron nan mai ƙirga awaki da mayar da magana ban sake ganinsa ba, kuma na san hannuna a ciki. Abin da na gane shi ne, hirar da nake rainawa ita ce makarantarsa ta farko, kuma ta fi wadda na kai shi. Don haka iyaye mata, kafin ku raba yaro da kakarsa don bai san boko ba, ku duba ko akwai mai amsa masa a inda za ku kai shi. In babu, ku ajiye kunyar tun da wuri. Ni na ajiye tawa a makare. Kwanan baya na kira shi da sunansa, na ce ya zo mu yi hira. Ya zo ya durƙusa, ya tambaye ni ina zan aike shi.