Igiyar Gugan da Ta Auna Ɗakin Inna

Gwiwoyin Inna ne suka sa na shiga maganar kafet. Duk sanda na je Gwandu sai na tarar da ita tana sallah a kan siminti, 'yar dardumarta ta suɗe kamar tafin hannu, in za ta tashi daga sujada sai ta dafa bango. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi alkawari kafin azumi sai na shimfiɗa mata kafet daga bango zuwa bango.

Ina koyarwa a Kalgo, ba ni da lokacin zuwa awo, sai na kira yayana na ce ya samo tef ya auna ɗakin. Shi kuwa Yaya, Allah ya ba shi taurin kai! Ya ce da tef aka gina ɗakin? Ya kwance igiyar guga, ya ja ta tsawon ɗakin ya ƙulla, ya ja ta faɗi ya yanke daidai bango, ya ba direban da ke zuwa wajenmu ya kawo mini.

Igiya ta iso tana warin albasa, ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka na nufi shagon mai kafet. Nan ma sai da muka sha daru. Ni ina son mai kauri saboda gwiwa, shi yana ta tura mini mai furanni wai shi ake yayi. Na ce masa tsohuwa ce za ta yi sujada, ba amarya ba. Da ƙyar muka tsaya a kan wani kore mai laushi. Ya kalli igiyar, ya kalle ni, ya gargaɗe ni cewa in ya yanka babu mayarwa. Na ce ya yanka kawai.

Ranar Asabar muka tafi Gwandu da mai shimfiɗa. Aka fitar da gado da kwalla da buhun gero tsakar gida. Ya fara daga bakin ƙofa, yana shafa gam yana dannawa, ko tunanin ya baje shi duka ya gwada bai yi ba, ni ma da nake tsaye a kansa ban yi ba. Yana isa bangon gabas kafet ya ƙare. Siminti ya rage fili, kusan kamu guda, daidai wurin da Inna take sallah.

Wallahi ji na yi kaina ya yi zafi. Na yi kan mai shimfiɗa, ya ce abin da aka ba shi ya shimfiɗa. Na yi kan Yaya, ya rantse bai yi kuskure ba. Sai da na kira direban gaskiya ta fito. Wai buhun albasa ne ya nemi zamewa a hanya, sai ya ɗan yanki bakin igiyar ya ɗaure, ai igiya ce. Ai igiya ce! Ban san sanda na kashe wayar ba.

Ina cikin lissafin yadda za a samo ƙyalle a yi joni aka kira la'asar. Inna ta yi alwala ta shigo, ta ratsa mu, ta kabbara. Da ta kai sujada gwiwoyinta suka sauka kan kafet, goshinta kan siminti. Ta miƙe ba ta dafa bango ba.

Da ta sallame na ba ta haƙuri, na ce gobe za a cike wurin.

"Bar shi," in ji ta. "Gwiwa ka ciwo, ba goshi ba."

Har yau wurin yana nan fili. Yaya kuma har yau yana faɗa wa mutane awonsa ne ya fito daidai, kuma ba a dawo masa da igiyar gugansa ba.