Injin da Aka Saya da Doya: Ta'aziyyar Andrawus Kambai

Ranar Talata, shida ga watan Disamba na 2011, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Andrawus Kambai, direban a-kori-kura na unguwar Dutsen Kura a nan Minna, bayan 'yar gajeriyar jinyar hawan jini. Ya bar matarsa Magdalene, wadda muke kira Maman Caleb, da 'ya'ya huɗu. Ni Josiah Gaiya bakanikensa ne. Na fi shekara goma ina kwanciya a ƙarƙashin motarsa, don haka ina ganin ina da bakin magana.

Andrawus, ka san ban iya kwalliyar zance ba, kuma ba yau zan fara ba. Motarka ta tsufa tun kafin ka saye ta. A hannun wani mai gidan burodi ka karɓo ta, ƙofar fasinja ɗaure da waya, fentin da aka ce fari ne ya koma launin kunu. Ka sa aka rubuta mata a baya: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Kuma ka riƙe maganar, don ban taɓa ganin direba mai tafiyar hawainiya irinka ba. Masu kabu-kabu na wuce ka a hawan Chanchaga suna yi maka sannu da hutawa, kai kuwa ka ɗaga musu hannu kamar gaisuwar arziki suka yi.

Da wannan motar ka ci abinci, da ita ka yi zumunci. Mu mutanen kudancin Kaduna da neman abinci ya kawo mu Minna, in namu ya rasu gida muke mayar da shi. Gawa nawa ka kai gida a bayan motar nan, kuɗin mai kawai ka karɓa? In rasuwa aka yi a gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kafin a gama wanka ka share bayan motar ka tsaya a ƙofar gida, ko za a buƙaci ɗaukar tsofaffi zuwa maƙabarta.

Amma ainihin aikinka doya ce. Akwai wani ƙauyen Gbagyi a bayan Paiko, hanyarsa duk kwazazzabai da duwatsu, babu direban da ke yarda ya sa motarsa. Kai kaɗai ke shiga. In ba ka shiga ba, sai 'yan sari su je da ƙafa, su taya doyar a bakin gona yadda suka ga dama, manomi ya sallama don ba shi da yadda zai yi. Duk lokacin da ka dawo daga can sai na sami abin ɗaurewa a motar, kuma duk lokacin sai na yi maka faɗa.

A watan Oktoban bana injin ya buga, kana dawowa da kaya, kusa da hanyar Tagwai. Aka jawo motar gareji, na kwance injin, na tarar bulok ɗin, wato gangar jikin injin, shi kansa ya tsage. Sau biyu na taɓa yi wa injin nan garambawul, babu sauran abin da za a gyara. Na zaunar da kai a kan benci na yi maka bayani dalla-dalla. Injin Baljiyam, wato tsohon inji mai sauran ƙarfi da ake cirowa daga motocin Turai, yana kai dubu ɗari da arba'in a kasuwar Panteka ta Kaduna. In ka haɗa da kuɗin ɗaukowa da baƙin mai da tarkacen da ba a rasawa, ka doshi dubu ɗari da saba'in, ko da na yafe ladan aikina. Motar kuwa, 'yan gwangwan dubu tamanin suka taya ta.

Na ce, "Yaya, ɗinkin ya fi rigar tsada. Sayar da ita, ka cika ka saya wa Caleb babur, kai ka huta."

Ka ce, "Injiniya, babur zai ɗauko doyar su Mama Rebecca?"

Na ce ba kai ka haife su ba. Ka yi dariya, ka ɗauki hularka ka tafi. Har gobe lissafina daidai yake, duk bakaniken da ya san aikinsa abin da zai faɗa maka ke nan. Amma na ga yadda kake zuwa kullum da safe ka goge gilashin motar da ba ta da inji, kaka kuma tana ƙaratowa, abin da ka tara bai kai rabi ba. Abin ya dame ni, ban dai faɗa maka ba.

Mama Rebecca ita ce shugabar mata a ƙauyen, tsohuwa 'yar firit mai kaifin murya. Da labari ya kai musu, suka yanke cewa kowane gida zai ba da doya a saya wa motar inji. To, ga inda gizo ke saƙar: doyar tana ƙauye, motar da za ta fito da ita kuma ita ce a kwance a garejina. Sai matan suka yi abin da iyayensu suka saba kafin a san mota. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka cikin ƙwarya. Haka suka riƙa jero sahu, tsofaffi da masu goyo, suna fito da doyar nan a kafaɗa har bakin kwalta, kasuwar Paiko bayan kasuwar Paiko, har watan Nuwamba ya kusa ƙarewa.

Ranar da ta kawo kuɗin gareji a ƙulle cikin ɗankwali, ka ƙi karɓa, ka ce kai ba mabaraci ba ne. Ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Wa ya ba ka? Ba naka ba ne, na mota ne. Kai direba ne kawai." Ta miƙo mini. Ban taɓa ganin an rufe maka baki haka ba, kuma na ji daɗin abin ƙwarai.

Tare muka je Kaduna. Ka sa aka tayar mana da inji har uku a ƙasa, ka sunkuya kana saurare kamar likita, ka zaɓi wanda ni ma shi na zaɓa a raina. Muka dawo da shi, na rataye shi a jikin sarƙa, muka ce Litinin za a ɗora. Ranar Lahadi ka faɗi a harabar coci. Ba ka sake magana ba.

Bayan rasuwarka na sami Maman Caleb da gaskiyar magana, don hakkinta ne ta sani. Na ce inji na nan ba a taɓa shi ba, zan iya mayar da shi a karɓi kuɗi, a haɗa da na gwangwan, ta sami abin riƙe yara. Ta ce, "Baba Josiah, doyar mutane ce. Ka ɗora. Kuma mijina ba zai tafi gida a motar haya ba."

Na ɗora. Kwana uku ina aikin, ina yi ina share ido da gefen riga, don hannuna duk baƙin mai ne. Murzawa ɗaya ta tashi.

Ranar Asabar, sha bakwai ga wata, muka ɗauko ka daga ɗakin ajiye gawa muka kama hanyar gida. Caleb ke tuƙi, ina gefensa. Injin da aka ɗora jiya-jiya ba a matsa masa, don haka tafiyarka muka yi, sannu-sannu, motocin rakiya na binmu a baya babu mai danna oda. Hanyarmu ta Paiko ce. Muna isa mararrabar ƙauyen muka tarar da su a bakin titi, mata sun fi hamsin, da mazajensu a baya. Caleb ya tsaya, zai kashe motar, Mama Rebecca ta ɗaga masa hannu kada ya kashe.

Ta ce mini, "Makaniki, buɗe mu gani doya namu."

Na buɗe bonet. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna leƙa injin yana aiki. Da suka gama, tsohuwar ta zagaya baya, ta ɗora tafin hannunta a kan akwatinka da ke ɗan rawa saboda bugun injin, ta ce, "Direba, ka ji? Ya tashi." A nan na zauna a bakin kwalta na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Mun binne ka a garinku da la'asar. Ranar Laraba Caleb ya shiga ƙauyen ya fito da lodin farko, ya dawo mini da salansar motar, wato bututun hayaƙinta, a hannu, ta cire a kwazazzabon nan da ka sani. Na yi masa faɗa, na ɗaure.

Andrawus, Allah Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya ba ka hutawa ta har abada. Yadda ka kai mutane gida, Shi ma Ya karɓe ka gida. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman Caleb da Caleb da ƙannensa, da dukan dangin Kambai, da maƙwabtanmu na Dutsen Kura, da su Mama Rebecca. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari, Ya sa mu ma mu gama lafiya. Amin.