Gurasar da Aka Kai wa Toktosun Cikin Ruwa

Mu mutanen duwatsu muna auna namiji ne da yadda yake zama a kan sirdi. Ban ce ma'aunin daidai ne ba, na ce dai shi ne namu, kuma wanda ya girma a ƙarƙashinsa ba ya iya tuɓe shi kamar riga. Sai an riƙe wannan a rai za a fahimci abin da maƙwabcina Toktosun, mai gyaran takalma a kasuwar Kochkor, ya yi da hutunsa na bazarar bara.

Toktosun makiyayi ne ɗan makiyaya. Kowace bazara danginsa kan kora dabbobi su hau gefen tafkin Son-Kul, su kafa bukkokinsu na ulu a warwatse a bakin ruwa, kowane gida da wurin da ya gada. Yana cikin ƙarfinsa doki ya zame da shi a kan ƙanƙara, ya danne masa ƙugu. Ya tashi daga jinya da sanduna biyu, likitoci suka ce shi da sirdi sun yi sallama. Ya bar dabbobin a hannun ƙanensa Mederbek, ya sauko gari ya koyi riƙon basilla. Ban taɓa jin ya yi kuka da rabonsa ba. Amma na lura cewa duk shekarar da aka kai shi tafki a mota, aka zaunar da shi kusa da murhu tare da tsofaffin mata, yakan dawo ya yi makonni ba ya dogon zance.

Wata rana masu kai baƙi yawon duwatsu suka kawo masa ɗinkin da ba na takalmi ba. Wani siririn kwale-kwale ne mai cin mutum ɗaya, ƙashinsa na ƙarfe mara nauyi, jikinsa tamfol, ana harhaɗa shi a kwance shi a zuba a buhu. Ya ɗinke yagar, ya shafa gam, sannan ya tsaya yana kallon mazaunin. Abin da ya gano shi ne, wanda ya shiga ciki ƙafafunsa ɓoyewa suke, aikin duka na kafaɗa ne da hannu. Da mutanen suka sake sababbi, suka bar masa wannan tsohon. Daga nan kowace ranar hutu sai ka gan shi a madatsar ruwa ta bayan gari, yana faɗawa ruwa ana tsamo shi, har filafilin tuƙi ya zauna a hannunsa.

Da mahaifinsu ya rasu, sadakar shekara ta faɗo tsakiyar bazara, lokacin da dangi ke tafki. Al'adarmu a nan ba ta da sassauci: babban ɗa ne zai je kowace bukka da kansa ya yi gayyata baki da baki. Gayyata ta waya, ta bare ce. Wanda kuwa ya yi zagayen gayyata, shi mutane za su ɗauka magajin gida daga ranar, ko da ba a furta ba. Bukkokin da yawa mota ba ta isa gare su saboda fadama. Kowa ya ɗauka Mederbek ne zai hau doki ya yi zagayen. Toktosun ya ce shi zai yi, ta ruwa.

Matarsa Anarkul ta ce, "Kai da aka haifa a kan doki, yanzu kuma agwagwa za ka koma? In ka nutse, sadaka biyu zan dafa ke nan."

"Ki dafa ɗaya mai yawa, ta ishe mu ni da Baba," in ji shi.

Shirin da ya yi ya cancanci yabo, domin ba na mai wasa da rai ba ne. Tun sanyi bai wuce ba ya riƙa zama da waɗanda suka san tafkin yana tambayarsu halin iska. Suka tabbatar masa ruwan yakan kwanta luf da safe, amma da rana ta take sai iska ta sauko daga duwatsu ta tayar da igiyar da ke kifar da abin da ya fi nasa girma, ga ruwan da sanyin da ke kashe hannu nan take. Saboda haka ya yanke cewa zai riƙa fita da hudowar rana, ya bi gefe-gefe, ya fito kafin rana ta take. Ya nemo rigar da ke hana nutsewa. Anarkul ta ɗinka masa matashin ƙugu. Ni kuma na ɗauki nauyin bin sa a mota tare da ita, iyakar inda hanya ta yarda.

Ya lissafa iska, ya lissafa sanyi. Abin da bai lissafa ba shi ne danginsa.

Bukka ta farko ta Jumakadir ce, ɗan baffansa. Da suka hango shi yana yanko ruwa, yara da karnuka suka cika gaɓa. Amma fita daga kwale-kwalen ba ta yiwuwa gare shi sai an ɗaga shi. Ƙarti biyu suka shiga ruwa suka ciccibo shi kamar buhun gari, a gaban mata. Na ga yadda ya kafe idonsa a ƙasa. Kafin ya gama gaisuwa Jumakadir ya riga ya kayar da rago.

Toktosun ya ce, "Haba Jumakadir, gayyata na kawo, ba yunwa ba. Iska za ta taso."

"Iska ta taso mana! Babban ɗan marigayi ya zo ƙofata ya tafi da shayi kawai? So kake a yi da ni har ƙetaren tafki?"

Baƙon da aka yanka wa dabba ba ya tashi sai nama ya nuna, an ajiye masa kan rago a gaba, an yi addu'a. Kafin a kai nan tafkin ya yi fari da kumfa. Washegari aka maimaita haka a bukka ta biyu, domin mai ita ya ji abin da Jumakadir ya yi, kuma ba zai yarda a fi shi ba. Babu mai laifi a cikinsu. Kowa yana cika haƙƙin baƙo ne, shi kuwa yana cika haƙƙin mai masauki, amma haɗuwar haƙƙoƙin biyu tana cinye masa kowace safiya. Ranar sadaka na matsowa, yawancin dangi ba a gayyace su ba.

A rana ta biyun da la'asar Mederbek ya iso a kan doki. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya durƙusa ya ce, "Baike," kamar yadda muke kiran yayanmu, "ka gwada, kowa ya gani. Bar ni in ƙarasa. Gobe kaɗai zan zagaye su, in ce kai ka aiko ni."

Toktosun ya daɗe yana murza tafin hannunsa da ya yi kanta. Ya ce, "In ka je, za su karɓe ka da kyau. Badi kuma in wata magana ta taso, ƙofarka za su nufa, ni kuma a aiko mini da labari. Ka ba ni safiya ɗaya."

Bukka ta gaba ta Burul-apa ce, ƙanwar mahaifinsu, wadda kowa ke kira Apa, wato uwa, tsohuwar da ko maza ke shakkar bakinta. Toktosun ya iso da sassafe, amma bai matso gaɓa ba. Ya tsayar da kwale-kwalen inda ruwa zai kai cikin doki, ya yi sallama da ƙarfi. 'Ya'yanta suka fara naɗe wanduna.

"Kada wanda ya shigo," in ji shi. "A kira mini Apa."

Mutane suka dubi juna. Wanda ya tsaya a ƙofarka ya faɗi saƙo ya wuce bai ɗanɗana gurasar gidanka ba, ya ce maka ke nan babu zumunci tsakaninku. In Toktosun ya sauko, ya rasa safiyarsa. In ya wuce, ya zagi gwaggonsa.

Tsohuwar ta fito tana kare ido da hannu. "Wane ne wannan yake mini ihu daga cikin ruwa kamar kwaɗo?"

"Ni ne, Apa. Na zo gayyatar ki sadakar Baba."

"To sauko mana, ɗan nema!"

"In na sauko ɗauka ta za a yi, kuma za ki yanka rago. Ga sauran gidaje suna jira."

Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta juya ga babban ɗanta. "Kai, mutum in ya zo a kan doki yana sauri, me ake yi masa?"

"A miƙa masa gurasa da nonon goɗiya a kan sirdi, Apa."

"To me kuke jira? Ba ku ga a kan abin hawansa yake ba? Ku ɗaura mini sirdi."

Aka ɗora ta a kan goɗiyarta, gurasa a ƙunshe cikin gyalenta, ƙwarya a hannu. Ta kora dabbar cikin ruwan sanyin nan har ya taɓa likkafa. Toktosun ya gutsuri gurasa, ya kurɓi nono, ya faɗi gayyatarsa da cikakkun kalmominta. Ta ɗaga tafukanta ta sa masa albarka, duk na gaɓa suka shafa.

"Dokin naka dai mummuna ne," in ji ta, "amma ka iya zama a kansa. Wuce."

A ganina tsohuwar ba ta sassauta al'ada ba ko kaɗan. Ta tambayi abin da al'adar ta tanada wa mahayi, ta kuma hukunta cewa wannan mutum mahayi ne. Kafin rana ta take labari ya riga shi zagaye tafkin. Tunda Burul-apa ta shiga ruwa, babu mai gidan da zai ga ya fi ƙarfin shiga. Daga inda muka tsaya da mota muna hango su, kowace bukka da mai dokinta tsaye cikin ruwa yana jira da gurasa. Kafin ranar sadaka bai bar gida ko ɗaya ba.

Ranar sadaka dangi suka cika fili. Toktosun ne ya tsaya a ƙofar babbar bukka bisa sandunansa yana karɓar baƙi, shi dattawa suka fara miƙa wa hannu, shi ya nuna wa kowa mazauninsa. Can gefe, inda baƙi suka ɗaure dawakansu a jere, Mederbek ya jawo kwale-kwalen daga bakin ruwa, ya ɗaure igiyarsa a turken farko, na dokin mai gida, wanda tun rasuwar mahaifinsu babu wanda ya ɗaura komai a jikinsa.