Fenti a Kan Ɗoyi

Matan bariki ne suka laƙaba mata suna Mai Soso, kuma ba su yi mata ƙage ba. Tun da ta auri Saje take bin shi gari gari, yau a ce nan, gobe a ce can, ita da yara da kwalaye a bayan motar sojoji. Wasu kwalayen ma sun gaji da buɗewa da rufewa har sun yi laushi kamar tsumma. Amma duk gidan da za ta bari, sai ta wanke shi tas, har bayan ƙofa, saboda matar da za ta shigo bayanta. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa tarar da an yi mata haka ba.

Wannan karon sai aka ba su gida a ƙasan bene, fari fat. Saje ya tsaya a tsakar falo yana washe baki, wai kurata ne suka shafe shi da fenti saboda zuwansu. Mai Soso ta buɗe hanci ta shaƙa. A ƙarƙashin warin fentin akwai wani ɗoyi mai nauyi, irin na kwata.

Ta matsa kusa da bango, sai ga abin takaici. Ashe bayin Allahn nan ko tsintsiya ba su ɗaga ba. Sun bi maiƙon kicin da fenti. Sun bi cingam ɗin da wani yaro ya liƙa a jikin taga da fenti. Kyankyaso guda ya mutu a manne da bango, shi ma an shafe shi, ga ƙafafunsa nan farare. Tir! Haka aikin soja yake, in dai abu ba zai tashi ya sara musu ba, to burushi zai hau kansa.

Babbar 'yarta ta toshe hanci da mayafi ta ce ita kam a waje za ta ci abinci. Wannan duk mai sauƙi ne. Auta ne abin ji, don yaron yana da asma, ƙirjinsa ba ya shiri da laima ko kaɗan. Tun da aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin yara ya fara tari, kafin mako ya zagayo numfashinsa ya koma fito kamar buta a kan wuta.

Mai Soso ta ɗauki tsohuwar wuƙa ta hau kankare bangon ɗakin. Fari ya fita, shuɗi ya bayyana. Shuɗi ya fita, sai ruwan ƙasa, kowane launi da ƙazantar waɗanda suka zauna a lokacinsa, har da majinar yara da ta bushe. Can ƙasa ta iske baƙar funfuna, jiƙe sharkaf, tana nasowa daga sama. Bututun ban ɗakin mutanen saman bene ne ya fashe a cikin bango, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Wato ruwan masan wasu ne ɗanta yake kwana yana shaƙa. Ta fita da gudu ta yi amai a bakin famfo.

Da Saje ya dawo ta ja shi ta nuna masa. Ta ce ya je ya faɗa wa masu kula da gidaje su turo mai gyaran famfo a fasa bangon. Gogan naka ya sosa ƙeya, ya ce shi baƙo ne a wannan bataliya, bai kamata daga zuwa a san shi da ƙorafi ba. Abin da ya fi damunsa ma shi ne Manjo zai zagayo duba gidaje, ga ta ta mai da bango kamar jikin mai ƙazuwa. Ita kuwa jin haka sai ta yi murna a ranta. Ta ƙara kankarewa har kusa da silin, don Manjo ya gani da idonsa, ya shaƙa da hancinsa.

Ana gobe zagayen, numfashin Auta ya sarƙe, leɓɓansa suka canza launi. Ta goya shi sai asibitin bariki, aka ba su gado. Likita ya ce kada yaron nan ya sake kusantar laima ko warin fenti. Ta zauna a gefen gado tana lallashin kanta da cewa war haka Manjo ya ga bango, ƙila ma mai gyara ya fara aiki.

Da aka sallame su, tun daga bakin ƙofa wari ya mare ta. Ga kurata biyu suna wanke burushi a bokitinta na wanki. Ɗakin yara ya koma fari tas, yana sheƙi, ɗanye. Saje ya taryo su fuska a sake.

"Madam, mun fita kunya. Manjo ya ce gidanmu ya fi na kowa tsafta a layin nan."

Auta ya yi tari a bayanta, ƙirjinsa ya fara fiton nan. Ta kwance shi, ta danna shi a hannun ubansa, ta kama kan Saje ta kara kunnensa a ƙirjin yaron.

"Saurara da kyau, Baban yara. Ɗanka ne."

Ya saurara. Ta ga fuskarsa ta canza, har ta fara jin sanyi a ranta. Sai ya ɗago, ya saci kallon kuratan, ya rage murya.

"To yanzu in an fasa bangon, me zan ce wa Manjo?"

Ta dube shi daga hula har takalmin da ya sha gogewa. Wanki fes, guga kamar wuƙa. Ashe shi ma fenti ne a kan ɗoyi. Ta karɓe ɗanta, ta mai da shi baya ta ɗaure, ta ce wa babbar ta kwaso kayanta da na ƙannenta kawai su tafi, na ubansu ta bar masa.