Ƙwallayen dabino a kwano biyu

Shekarar da na haifi 'yata ta fari muna zaune a unguwar Dagmanet. Maigidana aikinsa haɗa aplikasiyon, irin abin nan da ake sawa cikin waya. Lokacin yana haɗa wata don masu noman albasa, wadda za ta riƙa gaya musu ranar da kamiyo, babbar motar kaya, zai zo ɗaukar buhuna. Ya yi mini alkawari, ranar da ya gama zai kai mu garin Tabelot wurin innata ta ga jikarta. Ciwon ƙafa ya hana inna zuwa, ko suna ba ta gani ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Yarinya ta fara zama, ta fara gane fuskoki, tsorona kada ta fara ƙyuya kafin kakarta ta ɗauke ta.

"Malam, saura nawa?"

"Saura kaɗan. Kashi tara cikin goma ya ƙare."

Juma'a uku ina tambaya, amsar ba ta canja ba. Na ce, "Wannan kashi ɗayan naka raƙumi ne ya kwanta a kai?"

Ya yi dariya, ya nuna mini bango. Ya manna ƙananan takardu, kowace aiki guda. Wadda ya gama sai ya mai da ita dama. Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, ba na karanta faransanci, amma ina da ido. Akwai wata takarda mai ɗigon man miya, sau uku ina ganin ta je dama ta dawo hagu.

Sai na tuna lambun babana. In ana ban ruwa, baba ba ya toshe bakin fangali, wato ɗan gurbin shuka, don ya ga ruwa ya shiga. Sai ya taka har kusurwa ta ƙarshe, ya tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, to, ya sha.

Na ce, "Malam, kai a bakin fangali kake tsayawa."

Na wanke ƙwallayen dabino ashirin da biyu, adadin takardunsa, na zuba a kwano, na ajiye wani kwanon babu komai. Na ce ƙwallo ba zai tsallaka ba sai na gwada aikin da hannuna, a tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi, irin wadda manoma ke riƙewa.

"To, madam enjiniya, bismilla."

Yarinya a baya, waya a hannu, yana gaya mini abin da zan danna. Wani wurin ya yi ƙanƙanta, babban yatsana ya rufe shi. Wani kuma ba ya motsi sai da rezo, wato sabis ɗin waya, mai ƙarfi. Na ce, "Kana jin a lambu rezo na bin mutum kamar akuya?" Da muka gama, ƙwallaye tara ne kawai suka tsallaka.

Ya hura gawayi, ya dafa shayi, ya sha har kofi na biyu. Ni kuwa na ce a raina na ɓata wa mutum rai. Can ya ɗauki waya ya kira patoronsa, mai ba shi aikin, ya ce ba sati ɗaya ba ne kamar yadda ya faɗa masa a da, sati biyar ne, kuma wannan karon ya auna.

Sati biyar! Amma abin mamaki, a ranar hankalina ya kwanta, don na samu ranar da zan aika wa inna. Kwanukan na ɗora su saman kabad, kada yarinya ta haɗiye wani. In na gwada aiki ya yi, na ji ƙwal cikin kwano, sai in fita tsakar gida in rangaɗa guɗa, maƙwabta su ɗauka biki ake.

Mun ƙara kwana biyu a kan lissafi, saboda takardar nan mai man miya. Muka hau mota.

Da inna ta miƙo hannu, yarinya ta taɓe baki. Ta kalle ni, ta kalli tsohuwa, sai ta cafke ɗan kunnen inna ta ƙi saki.

Inna ta ce, "Ku bar ta! Tun ba ta yi haƙori ba ta zo karɓar gado."